Wayar birkin hannu ta kame mani a tsakiyar damina

Sati ukku na yi a Yamai, na dawo gida Maradi na iske motata ta ƙi motsi, kuma ba inji ba ne ba batir ba ne, don kunnawa ɗaya na yi ta tashi lahiya lau. Tayar baya ta hagu ce ta kahe. Na sa bitas ɗin baya, wato giyar baya, na saki ambirayaj, wato kuloci, a hankali sai na ji motar ta durƙusa ta gehe guda tana nishi, na ƙara wuta kaɗan sai ta ja tayar a ƙasa ba ta juyawa, ta bar wani layi cikin rairayin tsakar gida kamar an ja garma. Shi kuwa birkin hannun, wanda mu nan mun fi ce mashi furen aman, ƴan uwanmu na Katsina da Kano su ce hambirki, da na danna na sauke shi sai ya faɗi sakwaf ba wani nauyi a hannu, alhali na san yadda ya saba ja da kanshi in an sake shi.

Motar Corolla ce tsohuwa, irin ta shekarun 1990 mai tambur a baya, wato ƙarfen nan mai kamar kwano da ke juyawa tare da taya birki na kama shi ta ciki, ta Kwatano ta shigo kamar yawancin motocin garin ga. Kwana ɗaya kafin tahiyata mun je suna wajen Madarunfa, cikin watan Agusta ne, a dawowa ruwa ya tare mu, akwai wani wuri da korama ta hau hanya munka tsaya munka ga wasu sun wuce mu ma munka bi, ruwan ya kai rabin taya, jajawur da shi duk yashi da laka. Da dare na iso gida na faka ta ƙarƙashin bedi na ja birkin hannu da ƙarfi saboda tsakar gidanmu ta ɗan gangara wajen ƙofa kuma yara nan suke wasa, da asuba na hau kar, wato babbar motar fasinja, na tahi. To ruwan nan da yashin nan su ne sunka kwana sati ukku cikin wayar tana a ɗaure.

Ƙanena da ya zo ya leƙa ƙarƙashi abin da ya fara cewa shi ne Yaya a kawo zarto a yanke ta kowa ya huta, ai rabin motocin garin ga ba su da furen aman kuma suna yawo. Kuma gaskiya ya faɗa, ka shiga taksi nawa ka ga direba in zai tsaya sai ya bar ta cikin bitas ko yaro ya ruga ya sa dutsi? Amma ni abin ga yana damuna ƙwarai shi ya sa ma na zauna rubuta wannan. Birkin ƙafa da mai yake aiki, ka taka feda mai ya bi bututu ya tura, ranar da bututu ya tsage ko robar ciki ta mutu sai ka ji ƙafarka ta nutse, ko da motocin an yi masu layi biyu don in ɗaya ya zube ɗaya ya rage, tsohuwar mota da ba a canza mata man birki ba shekara da shekaru ba abin dogara ba ce ɗari bisa ɗari. Birkin hannu shi babu ruwanshi da mai, waya ce ta ƙarfe daga hannunka har cikin tambur. Shi ne na biyun da Allah ya ba ka, to don me za ka sa zarto ka yanke shi da hannunka? Ga kuma yara da ke zama bayan mota suna shan inuwa, dutsin da ka sa wani yaron ne zai ɗauke shi ya yi wasa.

Sai na kira Baba, abokin mahaihina ne, tun zamanin Peugeot 404 da 504 yake gyaran mota, yanzu ya tsufa ya bar ma yaranshi garaji amma hannunshi bai manta ba. Na ce Baba ko in lallaɓa in jawo ta garaji tunda ba nisa? Ya ce a'a ɗana, kada ka kuskura, bar ta nan inda take ina zuwa. Dalilinshi kuwa, in ka tuƙa mota birki na riƙe, ko da tayar ta yarda tana juyawa da ƙyar, tambur ɗin zahi zai yi har ya ƙona garnitir, wato takalman birkin nan biyu na ciki, giris ɗin rulma, wato boris ɗin da taya ke juyawa a kai, ya narke ya zubo, man birkin da ke cikin ɗan silindan tayar shi ma ya tafasa. Man birki irin wanda ake ce ma DOT 3 in sabo ne sai wajen digiri 205 yake tafasa, amma yana shan danshi daga iska, in ya tsufa ya sha ruwa a digiri 140 ma sai ya tafasa, kuma in ya tafasa kumfa ce cikin bututu, ka taka ba komi. Kenan garin gudun wahalar waya ɗaya sai ka rasa birkin duka biyu.

Ya zo bisa moto da wani yaronshi ya goyo jakar kile, wato sifanoni. Abu na farko da ya yi bai ko kalli tayar ba, sai da ya sa anka kawo duwatsu anka tokare tayun gaba ta gaba da ta baya, ya sa mota a bitas na ɗaya, don ita motar tayun gaba ke ja, kenan bitas na gaba yake riƙewa, kuma in ka ɗaga baya ka kwance birki babu abin da ya rage sai su. Sannan ya ce a nemo katako mai faɗi a sa ƙarƙashin kirik, wato jak ɗin ɗaga mota. Duk wanda ya san ƙasar Maradi ya san wannan, yashi ne, kirik na nutsewa a hankali ba ka sani ba sai mota ta karkace. Da anka sassauta notocin taya da kile 21 anka ɗaga, sai ya sa anka turo wani guntun kututture anka ajiye motar a kai, ya tura tayar da anka cire ƙarƙashin mota ita ma. Ya ce ma yaron, ban yarda ka sa kanka ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita ba ko ta minti ɗaya ce.

Nan ne na ga bambancin wanda ya san aiki. Baba ya ce abu ukku ne ke sa taya ta kahe haka kuma kowanne maganinshi daban, ko garnitir ne ya manne jikin tambur saboda tsatsa, ko ɗan hannun ƙarfen nan na cikin tambur da waya ke ja ne ya ƙi komawa, ko ita wayar kanta ce ta kame cikin rigarta, kuma mutane da yawa suna sayen sabuwar waya su ɗaura su ga ba abin da ya canza saboda tun farko ba ita ce mai laihin ba. Ya juya tayar dama da hannu ta juya sumul. Ya ɗauki guduma ya bubbuga fuskar tambur na hagu tsakanin kusoshin taya, ba a baki ba don baki na iya tsagewa, ya ce in mannewa ce kawai za ka ji ƙas ta saki. Ba ta saki ba. Sai ya kwanta bisa tabarma ya shiga ƙarƙashi ya kira ni in zo in gani da idona, ya nuna mani wani ɗan ƙarfe a tsakiya kamar sandar sikeli, waya guda ta zo daga hannun birki ta kama tsakiyarshi, biyu sunka hita daga gehe da gehe kowace ta nuhi tayarta, aikinshi ya raba ja daidai tsakanin hagu da dama. To ga shi nan ya karkace, ta dama ta koma wurinta ta hagu tana nan a jaye. Ya sassauta notin da ke jikin hannun birki daga cikin mota da kile 10, ya zare kawunan wayoyin, ya ja ta dama da hannu ta zo ta koma da kanta, ya kama ta hagu kamar an yi mata walda.

Ita wayar ga in ba ka taɓa riƙe ta ba, siraran wayoyin ƙarfe ne anka murɗe kamar igiya, tana gudu cikin wata riga wadda ita ma ƙarfe ce naɗaɗɗe anka lulluɓe da baƙar roba, a bakinta kuma akwai ƴar robar da ke hana ruwa da ƙura shiga. Baba ya bi rigar da yatsu tun daga tsakiya har baya, daidai inda ta lanƙwasa za ta shiga tambur ya tsaya ya ce ga ta nan. Robar ta tsage kusan tsawon ɗan yatsa, wurin ya kumbura ya yi ja. Kuma munka ga dalilin tsagewar, ƙarfen da ya kamata ya riƙe ta jikin mota babu shi, wani can baya ya ɗaure ta da wayar ɗaurin gini, tana ta goga jikin ƙarfe shekara nawa Allah kaɗai ya sani. Ta nan ruwan korama ya shiga da yashinshi, tsatsa kuma in ta kama ƙarfe kumbura take yi, sai ta cike ɗan sararin da wayar ke wucewa.

Hidda tambur ɗin shi ya fi cin lokaci tunda garnitir na danne da shi ta ciki. Ya fesa WD-40, man feshin nan mai sakin tsatsa, cikin tsagar da bakin rigar, yana murɗa rigar da hannu yana lanƙwasa ta nan da can, yaron na bubbuga kan wayar daga tsakiya don ta koma baya, har ta ɗan ba da kai kamar faɗin farce, tambur ya fara motsi da ƙyar. Akwai ƴan ramu biyu masu zare a fuskar tambur na Toyota da na daɗe ina gani ban san amfaninsu ba, ashe na hidda shi ne, ka samu bulon, wato ƙusa mai zare, lamba M8 guda biyu ka ɗaura a ciki kana juya wannan kaɗan wancan kaɗan sai su tokari abin da ke baya su turo tambur waje. Baba ya ce in ka ji ya yi tauri kada ka matsa, garnitir ne ya maƙale a bakin da tambur ya ci, in ka ƙara sai ka ɓalle ƴan kusoshin da ke riƙe su, sai ka koma ta ramin da ke farantin baya ka sassauta ɗan haƙorin da ke buɗa su tukuna. Da ya hita yaron ya kumbura baki zai hura ƙurar Baba ya daka mashi tsawa, ya ce jiƙa tsumma ka goge, ƙurar birki ba ta shiga huhu ta hita. Ni kuma ya ce in ɗauki hoto da salula kafin a taɓa ko resor ɗaya, wato sifirin, kuma kada a buɗe ɗayan gehen sai an gama wannan, don in an rikice a samu inda za a duba.

Da anka zare wayar daga ɗan hannun ƙarfen na ciki sai ya koma wurinshi da kanshi tsaf. Shi ke nan magana ta ƙare, waya ce.

Munka kwance ta duka munka rataye ta a reshen bedi a tsaye, Baba ya yanke bakin wata leda ya zura kan wayar ya ɗaure da robar tib ta zama kamar mazurari, ya zuba gazuwal da ya gauraya da ɗan man inji, ya ce a bar ta ta sha. Munka yi azahar munka ci tuwo, yana ba ni labarin yadda suke gyaran 404 a hanyar Dakoro da abin da ke cikin aljihu kawai lokacin da in ka lalace sai ka kwana biyu ba ka ga wata mota ba. Wajen la'asar ta fara ɗiga ta ƙasa, abin da ke hitowa ba ka ce gazuwal ba ne, ja ne kamar ruwan goro, in ka murza a yatsa ka ji yashi ƙaras ƙaras. Sai munka ɗaure kai ɗaya jikin ƙarfen ƙofa, ni na riƙe riga yaron ya kama ɗayan kan, ja, tura, ja, tura, da farko ba ta ko motsi sai hannu ke zamewa, can ta fara tahiya kaɗan kaɗan tana ƙara, muna ƙara mai muna ja har ta zo tana gudu da yatsa biyu. Wallahi na ji daɗi sosai a lokacin, na ce Baba ai ta warke a mayar.

Bai ce mani komi ba, ya jawo wayar har iyakarta ya ɗauki tsumma ya shafa a jiki, tsumman ya maƙale. Ya nuna mani silli ukku da sunka tsinke sun miƙe kamar ƙaya, daidai wajen da ta yi tsatsa. Ya ce ɗana wannan za ta kai ka kwana biyu ka je kasuwa ka dawo, amma ba ta zama, sillin nan su za su sake soke rigar ta ciki su kame, ko kuma ranar da ka fi buƙatarta ka ja da ƙarfi ta tsinke a hannunka. In da ba ta tsinke ba kuma rigar ba ta kumbura ba, ya ce da wankin ga ya isa, a naɗe tsagar a ci gaba. Ya kuma gaya mani wani abu da ban sani ba, wayoyin yanzu da yawa akwai wata siririyar roba a cikin rigar da ke sa su santsi ba tare da mai ba, irinsu in sabbi ne ba a zuba masu komi, kuma masu cusa giris mai kauri a bakin waya suna ganin gata sunka yi mata, a garin da iska ke ɗauke da yashi wata da watanni giris ɗin tara yashin yake ya zama kamar sanfefa. Ƴar robar bakin nan ita ce gatan, in ta yage a canza.

Washegari na ɗauki tsohuwar a hannu na shiga wajen masu piyes, wato kayan gyaran mota, kuma duk wanda zai saya ina roƙonshi ya yi haka, kada ka je da baki kawai ka ce ta Corolla. Ta hagu da ta dama ba lalle tsawonsu ya zo ɗaya ba, ta mai tambur daban ta mai diski daban, kan da ke shiga ciki ma kala kala ne, sai ka shimhiɗa su ƙasa gehe da gehe ka gwada tsawo da kai da wuraren ɗauri. An nuna mani ta okaziyo da anka ciro daga wata mota, na ja ta da hannu na ji tana ɗan cijewa na ajiye. Sabuwa sai da anka aiko daga Kano ta hanyar Jibiya da Dan Isa, kwana biyu. Guda biyu na saya don Baba ya ce tare anka haihe su tare sunka sha ruwan nan, in ka canza ɗaya sabuwa ba ta miƙe ba tsohuwa ta miƙe, ja ba zai zo daidai ba, kuma kuɗɗin sun ɗan yi mani nauyi a watan amma na biya.

Ɗaurawa ba ta da wuya, ka bi hanyar da tsohuwar ta bi, kowane maɗauri a wurinshi da bulon ɗinshi, nesa da salansa don zahi na narkar da robar, inda babu maɗauri Baba ya lanƙwasa wani ƙarfe ya sa guntun tiyo a tsakani. Ya wanke hannunshi da omo kafin ya taɓa garnitir, don ɗigon mai ɗaya a fuskarsu ya ɓata su. Saiti ne ke son haƙuri, kuma a nan ma mutane ke kuskure, suna ɗaure notin hannun birki har ƙarshe don ya kama da wuri alhali garnitir ne ke nesa da tambur, sai waya ta zauna kullum a jaye. Garnitir ake fara saitawa har ka ji yana ɗan shafar tambur in ka juya, ka taka birkin ƙafa sau da yawa su zauna daidai, sannan ka dawo ga noti. Littahin Toyota na irin motar ga ya ce in ka ja da ƙarfin kilo 20 ka ji ƙas ƙas tsakanin 4 zuwa 7. Tamu ta tsaya a 5. Anka sauke hannun, tayu biyu sunka juya ba cijewa, jar hitilar da ke gaban direba ta mutu.

Gwaji kuwa Baba ya ce ba a tsakar gida ba, mu tahi gangare. Maradi ai bisa tudu take, tun ambaliyar 1945 da Gulbi ya cinye tsohon gari anka hauro da mutane sama, to akwai hanyoyin da ke sauka wajen fadama masu gangara sosai, can munka je da yamma bayan mutane sun ragu. Na tsaya a tsakiyar gangaren hancin mota na kallon ƙasa, na hidda bitas, na ja hannun ƙas biyar, na ɗaga ƙafata daga feda a hankali zuciyata na bugawa, motar ta ɗan zauna ta tsaya cak. Munka juya ta hanci sama munka sake, haka. Daga nan munka miƙe godoro har Tibiri munka tsaya bakin hanya, Baba ya sauka ya kai bayan hannunshi kusa da tayar hagu sannan ta dama, ya ce ɗumi ɗaya, mu koma.

Yanzu in na ratsa ruwa ina ɗan taka birki a hankali ina tahiya har su bushe kafin in faka, birkin hannun kuma kullum ina ja ina saukewa don wadda ba a taɓawa ma kamewa take, in kuma tahiya ce ta kwanaki sai in bar ta a bitas in tokare tayu da manyan bulo biyu da yaro ba ya iya ɗagawa, hannun birkin a sauke. Tsohuwar wayar tana nan rataye a bedi ban yar ba, rannan ƙanena ya ɗauke ta ya kai ma wani abokinshi mai Starlet ya gani ya maido, shi an yanke mashi tashi tun bara, ya ce ranar asabar zai kawo motar gida in Baba ya samu sarari.